Sakatar Lambun Hedda

Ottmar Bechler ya tsuguna a bakin fangalin na'a-na'arsa, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ƙanshin yana nan, amma ya yi nisa, kamar muryar mai magana daga ɗakin baya. Ya karya kara guda ya duba cikinsa. Inda ya kamata ya ga fari tas, sai ya ga ruwan ƙasa, kamar an zura zaren tsatsa a ciki. Ya miƙa hannu ya karya wani daga can ƙarshen fangalin, wajen da bara yake kore shar. Shi ma haka.

Ya daɗe a tsugune har gwiwoyinsa suka fara ƙorafi. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa ko wace cuta ce. Daga ƙasa take tasowa, ta bi saiwa ta hau kara, kuma ƙasar da ta kama sai ta yi shekaru ba ta ƙara karɓar na'a-na'a ba. Wannan fangalin kuwa shi ne na ƙarshe a garin Elrode.

Lokacin da Ottmar yake yaro, duk inda mutum ya fita daga Elrode gonar baƙar na'a-na'a zai tarar, mai jan kara da ganye mai duhu. Kusan kowane layi yana da rumfarsa da babbar tukunyar tagulla, inda ake turara ganyen a tatso mai. A watan Agusta ƙanshi kan cika gari har idanu su yi ruwa. Wankin da aka shanya ya ɗauka, man shanu ya ɗauka, baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa kuwa sai ya yi atishawa kafin ya yi gaisuwa. Mata ke yin cirar ciyawa a durƙushe, domin ciyawa ɗaya idan ta shiga tukunya ta ɓata man gaba ɗaya. Daga baya mai mai araha ya riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa, gonakin suka koma na alkama, aka sayar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Guda ce ta rage, a rumfar bayan coci. Sau ɗaya a shekara ake hura mata wuta, da ganyen lambun Ottmar. Man da ke fitowa bai cika ƙaramar kwalba ba, amma duk gari kan zo ya tsaya a cikin tururin, tsofaffi su yi shiru, yara su yi ta tari suna dariya.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne baƙar na'a-na'a ba ta yin iri. Tana fure, ƙudan zuma su zo su tafi, amma ba a samun ko ƙwaya ɗaya da za a adana. Daga saiwa kawai take haihuwa. Duk wadda aka taɓa nomawa a Elrode jikar kwando ɗaya ce da wani ya shigo da shi tun zamanin kakannin kakanni. Kuma ba ta son zama wuri ɗaya. Kowa a garin ya san cewa idan kaka ta uku ta zo, sai a tone ta a kai ta sabuwar ƙasa, a bar tsohuwar ta huta.

Ottmar ya san wannan fiye da kowa. Amma matarsa Lore ce ta dasa wannan fangalin da hannunta, a kakar da ta gabaci ciwonta. Kaka ta uku ta zo, ya ɗauko shebur, ya tsaya, ya mayar da shi. Ta huɗu ma haka. Daga nan bai ƙara ɗaukowa ba.

Ranar Lahadi 'yarsa Silke ta zo daga birni da kek ɗin tuffa. Ya kai ta lambu ya nuna mata karan da ya karya.

"Baba, ai ana sayar da dashen na'a-na'a," in ji ta. "In na aika yau, kafin Alhamis ya iso."

"Wannan ta shago? Ganyen wanke baki ne. Ki sa ta a tukunyarmu, tukunyar ma sai ta ji kunya."

"To, da ka ba ni ɗan guntu lokacin da na so in dasa a barandata, da yanzu muna da wurin komawa."

"Tambaya kika yi. Wanda ya tambaya ba a ba shi, ke ma kin sani."

"Na sani. Shi ya sa na dawo da wuƙa a jaka, har sau biyu. Kwaɗo biyu na tarar a ƙofar lambunka, Baba. Tun da Mama ta rasu, ko ƙadangare bai isa ya shiga nan ba sai da izininka."

Ottmar ya yar da karan da ke hannunsa. Gaskiya ta faɗa. A Elrode ba a sayar da saiwa, ba a roƙonta, ba a miƙa ta hannu da hannu, kuma ba a gode wa kowa a kanta. Sun yarda cewa duk saiwar da aka bi da ita ta waɗannan hanyoyi ba ta kamawa. Sai dai a sace ta. Mai lambu kan faɗi a gaban mutum cewa ƙofarsa ba ta rufuwa, ya ƙara da cewa gobe ba ya gida, shi ke nan. Idan mutumin ya gama haƙa zai fita, mai lambu ya fito ya bi shi da zagi, domin saiwar ta tabbatar an sato ta, ta yi zuciya ta kama. Ta haka ta zagaya kowane gida a garin, har ta iso lambun da aka sa wa kwaɗo.

Da Silke za ta tafi, ta riƙe hannunsa a bakin mota.

"Yaushe ƙasa za ta daskare?"

"Ba ta wuce ƙarshen watan nan ba."

"In ba a samu ba kafin nan fa?"

"Sai a wanke tukunya a rataya mata allo, masu yawon buɗe ido su riƙa ɗaukar hoto."

Washegari yana tsintar busassun ganye sai ya ji murya daga bayan shinge.

"Kai, mai tashar jirgi! Makoki ake yi ne a nan, ko noma?"

Hedda Kranich ce, maƙwabciyarsa. Ita da Lore tun suna 'yan mata suke durƙuso tare a gonakin na'a-na'a, kuma ita ce kaɗai ta taɓa ce masa ido da ido ya tone fangalin. Ranar ya ce mata fangalin matarsa ne, ba nata ba. Tun daga nan bai ƙara taka gidanta ba, zumuncinsu ya koma na tsallaken shinge. Kowace shekara, da ƙanƙara ta narke, na'a-na'arsa kan bi ta ƙarƙashin shinge ta ɓulla cikin albasar Hedda, ita kuma ta cire ta jefo masa tana faɗa. Shekara biyu ke nan ba abin da ya ƙara tsallakawa.

"Ki ji da kajinki, uwar kaji," in ji shi, bai ɗago ba.

"Kajina lafiya lau suke, suna gaishe ka. Sakatar lambuna ce ta lalace. Ko iska ta hura, sai ƙofa ta wangale." Ta ɗan tsaya. "Gobe kuma Talata, ina kasuwa tun safe. Ba na dawowa sai rana ta yi tsaka."

"To, a dawo lafiya."

Ottmar ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma bai taɓa iya wuce abin da ya lalace bai gyara ba. Ya san abin da ke lambun Hedda: albasa, kabeji, kaji. Ba abin sata. Saboda haka da safe, bayan ta fita da kwandonta, ya ɗauki sukudireba da ɗan man inji ya zagaya. Sakatar ba ta ma karye ba. Ƙusoshinta ne suka fita, ga su nan a jere cikin murfin kwalba a kan ginshiƙin ƙofar. Ya girgiza kai yana mamakin sakacin mata irin Hedda. Ya ɗaura, ya ɗiga mai, ya gwada sau da yawa har sai da ta riƙa shiga da ɗan sauti mai daɗi. Ya koma gida da jin cewa aƙalla ya yi abu ɗaya mai amfani a wannan makon.

Da rana ya ji ta dawo. Ya ji ta taɓa ƙofar lambun.

"Ottmar Bechler!"

Ya leƙo ta kan shinge. Tana tsaye da kwando a hannu, tana kallon sakatar kamar an mutu a kanta.

"Wane laifi na yi aka haɗa ni maƙwabtaka da kai?"

"Haba, Hedda. Ko sannu babu?"

"Sannu? Sannu da ƙoƙari, injiniya. Zagayo ka sha shayi, in ga ko hancinka ma ya yi ritaya tare da kanka."

Ya so ya ƙi, amma muryarta ba irin ta kullum ba ce. Ya wanke hannu ya zagaya.

Ɗakin girkinta yana nan yadda ya san shi, har kujerar da Lore ke zama a kai kusa da taga. Bai zauna a kanta ba. Hedda ta juya masa baya tana aiki, ya ji ƙarar ruwan zafi yana zuba cikin buta. Kafin kofin ya iso tebur, ƙanshin ya riga shi. Ya shiga hancin Ottmar da sanyi, ya sauka maƙogwaro da zafi, ya bar wani ɗan zaƙi a baya wanda ba wata na'a-na'a a duniya da ke barin irinsa. Haka gashin Lore yake ƙanshi a watan Agusta. Ya leƙa cikin kofin. Ɗanyen ganye ne, mai duhu, da ɗan guntun jan kara.

"Hedda, wannan a ina ki..."

"Kul! Rufe bakinka. Ka tambaya, ka ɓata."

Ya rufe. Ta zauna a gabansa da nata kofin, ta kama magana tana kallon bango, kamar labarin wasu mutane take bayarwa.

"Wata ciyawa ce ta addabe ni, can bayan akurkin kaji. Shekarun baya ta riƙa ɓullowa ta ƙarƙashin shingen wani mutum mai taurin kai. Ina cirewa ina jefa masa abarsa, amma ka san aljihun tsohuwa, kullum sai wata ta maƙale. Na ce bari in kai ta nesa da shingen, kada ta kwaso abin da ke damun ƙasar mutumin. Bara na sake canza mata wuri. Yanzu ta yi yawa har kaji ba sa samun hanya."

"Duk shekarun nan, kina ganina, ba ki faɗa ba?"

"Ana faɗa ne? A Elrode aka haife ka ko a jirgi? Kuma wanda yake da tasa ba ya sata. Jira nake mutumin ya rasa."

Ottmar ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Amma akwai magana ɗaya," in ji Hedda, yanzu tana kallonsa. "Ɓarawon da zai mayar da ita cikin ƙasar da ta kashe 'yar'uwarta, gara ya zauna a gidansa. Kuma ba za ta zauna kusa da mara lafiya ba. Wancan fangalin sai an tone shi an ƙone."

"Lore da hannunta ta dasa shi."

"Na sani. Ni na riƙe mata kwandon." Ta kurɓi shayi. "Tana dasawa tana nuna mini da haɓa inda za ta kai shi in shekara uku ta cika. Can gindin bango, inda rana ke fara sauka. Wajen da ka je ka jibge itacen wuta."

Bai san wannan ba. Ya zauna yana kallon kujerar da ke kusa da taga. Duk shekarun nan yana gadin inda Lore ta tsaya, ita kuwa ashe tun tana durƙushe a wurin hankalinta ya riga ya wuce gaba. Ya shanye shayin har ƙasa, ya tauna ganyen, ya tashi.

"Shayin bai yi laifi ba," in ji shi a bakin ƙofa.

"Ruwan ne mai kyau," in ji Hedda.

Da safe ya fara da itacen. Ya kwashe shi ɗaya bayan ɗaya ya mayar bayan gida, yana hutawa a tsakani, domin bayansa ba na da ba ne. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, mai laushi, cike da tana. Ya juya ta, ya fasa dunƙulenta, ya ja layi da igiya. Sai a rana ta uku ya je ga fangalin Lore. Ya tsaya a kansa da shebur kamar yadda ya sha tsayawa, amma wannan karon ya sa ƙafa ya danna. Saiwoyin suka fito baƙi-baƙi, sun kanannaɗe da juna kamar sun rasa inda za su. Da ya gan su haka, sai aikin ya yi masa sauƙi fiye da yadda ya zata. Ya tara su a wurin, ya sa wuta. Hayaƙin ya tashi da ɗan sauran ƙanshi, ya bi ta kan shinge. Hedda tana shanya a lokacin. Ta bi hayaƙin da kallo, sannan ta ci gaba da aikinta.

Ya wanke shebur da tafasasshen ruwa, ya kankare takalmansa, ya sauya wando. Yana cikin haka Hedda ta leƙo.

"Gobe da safe zan yi gashin burodi," in ji ta. "In na shiga ɗakin girki ba na jin komai, ba na ganin komai. Amma hankalina a kwance yake. Wani gwani ya gyara mini sakata, na kuma sa ta daga ciki. Yanzu ko soja bai isa ba."

"Sai ki ɗan bar ta a buɗe mana."

"In buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannuna? Ni na ɗaura?"

Da gari ya waye, raɓa ta fara yin fari-fari a kan ciyawa, alamar sanyin gaske ya kusa. Ottmar ya ɗauki kwando, da shebur, da sukudireba. Ya tsaya a ƙofar lambun Hedda, ya zura hannu ta sama, ya kwance aikinsa ƙusa bayan ƙusa. Ya ɗaure su sosai ranar, har ya yi wa kansa tsaki. Murfin kwalbar yana nan a kan ginshiƙi. Ya jera su a ciki yadda ya same su.

Ya wuce albasa, ya wuce kabeji, ya zagaya akurkin. Kaji suka yi ta kallonsa da ido ɗaya. A bayan akurkin, inda ba a hangowa daga ko'ina, ga ta nan. An yanke ta daidai lokacinta, ba ciyawa ko ɗaya a tsakani, sabon toho yana leƙowa ja-ja daga gindi. Ya durƙusa ya karya kara. Fari tas. Ya sa shebur daga gefe ya ɗaga a hankali. Saiwoyin suka fito farare, masu kauri, suna miƙewa ta kowane ɓangare kamar masu sauri. Ya ɗebi abin da zai ishe shi, ya bar mafi yawa, ya mayar da ƙasa ya danna da tafin hannu.

Ya kai bakin ƙofa ke nan sai ƙofar ɗakin girki ta buɗe da ƙarfi. Hedda ta fito da tsintsiya, gari a hannuwanta har gwiwa.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo da rana tsaka! Tsoho da furfura, ba kunya ba tsoron Allah! Dubi ƙafafunsa kamar na zalɓe! Mai gyaran abin da ba a sa shi ba! Allah ya sa ta cinye maka lambu, ta shiga har ƙarƙashin gadonka!"

Tagogi suka fara buɗewa a layin. Matasa suka leƙo a tsorace, wata har ta ɗauko waya. Amma tsofaffin da suka leƙo murmushi suke yi. An daɗe ba a ji wannan ihun a Elrode ba, kuma sun san ma'anarsa.

Ottmar ya tsaya a kan hanya da kwando a ƙirji. Kalmar godiya ta taso masa har bakin leɓe, ta tsaya a nan tana neman fita. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Kajinki sun rame," in ji shi. "Kuma burodinki na ƙonewa."

"Tafi can, ɓarawon banza," in ji Hedda. Ta goge ido da bayan hannu, ta bar gari a kumatunta.

Kafin rana ta yi sama ya gama dasawa a gindin bango. Ya kwantar da saiwoyin a layi, ya rufe su, ya shimfiɗa musu ƙaiƙayi saboda sanyi. Ko za su kama, wannan sai ƙanƙara ta narke za a sani. Ko sun kama ma, ganyen shekarar farko ba zai kai rabin tukunya ba. Ya rage ɗan dunƙule guda bai dasa a layin ba. Ya binne shi sama-sama cikin danshin yashi, dab da ƙofar lambu, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Sannan ya cire kwaɗon nan biyu ya jefa a akwatin kayan aiki, ya sassauta sakatar har ƙofar ta riƙa lilo.

Da yamma ya kira Silke. Ta ɗauka da sauri.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙofar lambuna ce ta lalace, ba ta rufuwa. Ranar Lahadi kuma zan je coci, daga nan in tsaya shan gahawa a gidan Hedda. Zan daɗe."

Ya ji ta ja numfashi, ya ji ta fara wata kalma ta fasa.

"Baba," in ji ta daga baya, "don Allah kada ka gyara ta."

"Ni? Na ma manta inda na ajiye sukudireba."